Nazari a Kan Musabbabin Ciwon Kan Nono

Kafin mu rarrabe dalilai, ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da kan nono. Shi ne tsinin da hanyoyin ruwan nono ke buɗewa a kansa, kewaye da shi kuma akwai da'irar fata mai duhu da likitoci ke kira ariyola. Jijiyoyin ji sun yi yawa a wurin, ga fatar ba kauri, shi ya sa abu kaɗan kan jawo raɗaɗi. Mun kasa musabbabin ciwon gida uku: na homon, na shayarwa, da na fata.

Homon sinadari ne da jiki ke sarrafawa ya aika ta cikin jini don ya daidaita aikin gaɓɓai. Biyu daga ciki, istirojin da furojestaron, suna sa nono ya cika ya riƙa ciwo gab da jinin al'ada, da farkon shigar ciki, da lokacin balaga, har ga yara maza. Alamar wannan kashi ita ce yakan taɓa nonon biyu tare, ya zo ya tafi da lokacinsa.

Kashi na biyu ya fi yawa, a nan za mu ɗan tsaya. Galibin ciwon mai jego daga kamun jariri yake. Idan ya cafki tsinin kawai, bai haɗa da da'irar ba, sai ya riƙa murza shi da dasashi, uwa ta ciro nono ta ga kan ya baje, bayan kwana biyu ya tsage. Ta wannan tsaga ƙwayar cuta kan shiga, nono ya kumbura ya yi zafi, zazzaɓi ya biyo baya. Wannan shi ne mastaitis. Akwai kuma tsukewar jijiyoyin jini, inda kan nonon ke yin fari fat yana zogi bayan an gama shayarwa, abin da sanyin hunturu ke tsanantawa. A ganinmu, gyara kamun jariri ya kamata ya riga shafe-shafen magani, domin shafi ba ya hana sabuwar tsaga.

Kashi na uku ya shafi mata da maza. Gugar riga, sabulu mai ƙarfi ko man shafawa kan jawo ekzima, wato bushewar fata mai ƙaiƙayi. Sai dai akwai cutar da ke kama da ita matuƙa, wadda likitan Ingila James Paget ya bayyana a 1874. Nau'in sankarar mama ce, ba ta da yawa, takan fara daga tsinin kansa a nono ɗaya, da ɓawo da gyambon da ba ya jin magani.

Don haka duk ciwon da ya tsaya a gefe ɗaya ya ƙi warkewa, ko ya zo da jini, ko ƙullutu, ko lotsawar kan nono ciki, a kai shi asibiti a duba tun da wuri.