Shekarun da Ke Tsakani

A Taura, kamar sauran garuruwanmu, mace kan ɓoye ciwon gabanta don kunya, sai jini ya ƙi tsayawa a nufi asibiti. Alhali sankarar bakin mahaifa ba ta zuwa dare ɗaya.

Tun 1928 likita George Papanicolaou ya nuna a Amurka cewa ana iya gano ta a ɗan ruwan da aka shafo daga gaban mace. A 1983 Bajamushe Harald zur Hausen ya gano nau'in ƙwayar HPV da ya fi haddasa ta. Yawanci jiki kan kori ƙwayar da kansa. Idan ta zauna, bakin mahaifa kan fara sauyawa shiru, ba zafi, shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara. Cikin shekarun nan gwaji kan kama shi, a magance.

A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, Jigawa na sahun farko. 'Ya'yanmu sun samu allura. Iyayensu mata fa, wa zai raka su gwaji?