Fam da Dala: 'Yan Ranakun da Suka Yi Ɓarna

A daren Lahadi, 18 ga Satumban 1949, ministan kuɗin Birtaniya Stafford Cripps ya shiga gidan rediyo ya sanar cewa fam ɗaya, wanda tun 1940 yake daidai da dala 4.03, ya koma dala 2.80. Wajen kashi 30 cikin 100 na darajarsa ya tafi kafin gari ya waye. Abin bai tsaya a Landan ba. Fam ɗin da ake biyan manomin gyaɗa da shi a Kano a lokacin ɗaure yake da na Ingila, ɗaya da ɗaya, don haka shi ma kuɗin da ke aljihunsa ya yi sauƙi a gaban dala, ba tare da an shawarce shi ba.

Wanda ya duba farashin fam na kowace rana a shekarun da suka biyo baya zai iya yin gyangyaɗi. A ƙarƙashin tsarin Bretton Woods, Babban Bankin Ingila yana tsare farashin tsakanin dala 2.78 da 2.82, in ya gangaro sai bankin ya fito da dalarsa ya sayi fam, in ya hau ya sayar. Shekara 18 ana haka. Sai ranar Asabar, 18 ga Nuwamban 1967, gwamnatin Harold Wilson ta karya shi zuwa 2.40, bayan ta daɗe tana rantsuwar ba za ta yi ba. A wannan karon Najeriya, da ke tsakiyar yaƙin basasa, ta ƙi bin sahu. Masu kewar zamanin tsayayyen farashi sukan manta da wannan: tsarin bai kawar da girgiza ba, tara ta yake yi kamar madatsar ruwa, ranar da ta ɓalle kuma a yini guda ake biyan bashin shekaru.

Bayan Shugaban Amurka Nixon ya raba dala da zinariya a Agustan 1971, Birtaniya ta saki fam a Yunin 1972 ya nemi farashinsa a kasuwa. Daga nan ne aka fara samun abin da za a kira halin yau da kullum. A yawancin ranaku motsin ba ya kai kashi 1 cikin 100, galibi wajen rabin haka ne. Yana kuma da sa'o'insa. Da dare, lokacin da Tokyo da Singafo ke ci, fam kan yi lamo. Yana farkawa da buɗewar Landan, sannan ciniki ya yi zafi daga wajen azahar zuwa bayan la'asar a agogon Najeriya, lokacin da Landan da New York suke buɗe tare, alƙaluman tattalin arzikin Amurka kuma suna fitowa. Ƙididdigar BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe, ta Afrilun 2022 ta nuna ana cinikin dala tiriliyan 7.5 a kasuwar canji ta duniya kowace rana, kashi 38 cikin 100 a Birtaniya.

Akwai kuma abin da masana lissafi suka lura da shi tun shekarun 1960: ranakun tashin hankali tare suke zuwa, na lumana ma haka. In fam ya yi tsalle yau, da wuya ya zauna gobe. Amma ƙananan motsin nan, in suka ɗauki hanya ɗaya, nisa suke yi. Fam ya haura dala 2.40 a ƙarshen 1980. Zuwa Fabrairun 1985 yana wajen 1.05, saboda tsadar kuɗin ruwa a Amurka ta janyo kuɗin duniya zuwa dala. Sai da manyan ƙasashe biyar suka zauna a otal ɗin Plaza na New York a Satumban shekarar suka amince a sauko da ita.

Ranar da aka fi ba da labarinta ita ce Laraba, 16 ga Satumban 1992, kodayake rigimar ba da dala aka yi ta ba. Tun 1990 Birtaniya ta ɗaure fam da kuɗaɗen Turai, musamman mak na Jamus, a farashin da tattalin arzikinta bai iya ɗauka ba. 'Yan kasuwa suka gane, suka yi ta sayar da fam. Da safe gwamnati ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, da rana ta yi alkawarin 15, babu wanda ya razana. Da maraice ministan kuɗi Norman Lamont ya fito ya ce an janye daga tsarin. Ɗan kasuwar canji George Soros ya tashi da ribar wajen dala biliyan 1, baitulmalin ƙasar kuma daga baya ya ƙiyasta asararsa a fam biliyan 3.3. Fam ɗin da ya taɓa dala 2 a farkon watan ya sauka ƙasa da 1.50 a farkon 1993.

Rikicin bankuna na 2008 ya sauko da shi daga 2.11 na Nuwamban 2007 zuwa ƙasa da 1.40 a Janairun 2009, amma a hankali, cikin watanni. Daren 23 ga Yunin 2016 daban ne. Da aka rufe rumfunan ƙuri'ar raba-gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai, kasuwa ta sakankance masu son zama sun ci, fam ya hau 1.50. Bayan tsakar dare sakamakon garin Sunderland ya fito, masu son ficewa sun yi rinjayen da ba a zata ba. Kafin asuba fam yana wajen 1.32, inda rabonsa da gani tun 1985. An rufe ranar da faɗuwar kusan kashi 8, mafi girma a yini ɗaya tun da aka sake shi.

A ganina abin da ya faru ranar 7 ga Oktoban shekarar ya fi ban tsoro, don shi babu ƙuri'a, babu sanarwa. Jim kaɗan bayan sha biyun dare agogon Landan, New York ta tashi, Asiya ba ta gama zama ba, fam ya zube da kusan kashi 9 cikin 'yan mintuna, sannan ya farfaɗo da mafi yawansa. Binciken BIS bai kama dalili guda ba: masu saye sun yi ƙaranci a wannan sa'a, umarnin sayarwa da aka bar wa kwamfuta ya yi ta tayar da juna. Matasanmu da ke cinikin canji ta waya ya kamata su yi wannan lissafin. Wanda dillali ya ba damar juya ninki 100 na jarinsa, motsin kashi 1 ya isa ya share shi, umarnin tsayar da asara kuma ba ya aiki a farashin da ka sa in babu mai saye a wurin.

Mafi ƙasƙancin farashi a tarihi ya zo ne a 2022. Ranar Juma'a, 23 ga Satumba, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya gabatar da ragin haraji mai yawa ba tare da ya nuna inda kuɗin zai fito ba, a daidai lokacin da dala ke ƙarfi a ko'ina. Safiyar Litinin, a sa'o'in Asiya kuma, fam ya taɓa wajen 1.035. Ranar Laraba Babban Bankin Ingila ya shiga sayen takardun bashin gwamnati don ceto asusun fansho. An sallami Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, Firaminista Liz Truss ta sanar da murabus ranar 20, kafin ƙarshen shekara kuma fam ya koma sama da 1.20.