Injin sassaƙar ƙarfe: abin da ya kamata mai fara ƙera ƙananan injuna ya sani

A Ingila akwai wata tsohuwar sana'ar sha'awa, wadda mutum zai keɓe ɗaki a bayan gidansa, ya shafe shekaru yana ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, wanda ke tafiya a kan layin dogo mai faɗin inci 5 har ya ja mutane. Mujallarsu mai suna Model Engineer ta fara fitowa a shekarar 1898 a hannun Percival Marshall. Daga nesa abin kan yi kama da wasan yara, amma fistan ɗin da bai wuce kaurin yatsa ba yana bukatar daidaiton awo irin na babbar masana'anta. Darasin da waɗannan maƙera suka tara shi ne: tsadar inji ba ta kawo daidaito. Abubuwa uku ne ke kawo shi, wato ƙarfin riƙo, saurin juyi da ya dace, da awo na gaskiya.

Injuna biyu, aiki biyu

Na farko shi ne injin juyi, wanda ake kira lathe a Turance. Shi yana juya ƙarfen da ake aiki a kansa, wuƙar yanka kuma tana matsowa sannu a hankali tana sassaƙarsa. Da shi ake fitar da duk abin da ke da siffar da'ira: sanda, fistan, tayar giya kafin a yi mata haƙora, da tiredi, wato zaren da ke jikin noti. Na biyu shi ne injin milin, inda al'amarin ya juya: ƙarfen yana ɗaure a kan tebur, wuƙar ce ke juyawa. Da shi ake shafe fuska ta miƙe, a haƙa kwari, a yanke haƙoran giya.

Injin juyi na zamani ya samo asali ne daga aikin Henry Maudslay a Landan wajajen shekarar 1800, wanda ya haɗa wuƙa da doguwar sanda mai tiredi, har aka iya yanka noti iri ɗaya sau da yawa. Joseph Whitworth, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ya fitar da tsarin tiredi na bai-ɗaya a 1841. Kusurwar tiredin Whitworth digiri 55 ce, ta tsarin milimita kuwa digiri 60. Shi ya sa notin tsohon injin Ingila ba ya zama daidai a kan kusar zamani, ko da sun yi kama a ido, kuma tilasta shi lalata su ne duka biyun.

Mai farawa ya fara da injin juyi, domin ana iya yin ƙaramin aikin milin a kansa. Injin Myford ML7, wanda ya fito a 1946, ya yi suna a ɗakunan aikin Ingila saboda wannan dalili. A yau ƙananan injunan Sin sun mamaye kasuwar masu farawa.

Ƙarfin riƙo

Yawancin munin aiki daga rawa yake zuwa. Idan wuƙa ko ƙarfe ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, inji zai fara ƙara, fuskar aiki ta fito da zane-zane. Ƙa'idar lissafi a nan ba ta da sassauci: idan aka ninka tsawon da wuƙa ta leƙo daga mazauninta sau biyu, lanƙwasarta kan ninku sau takwas. Saboda haka a janye wuƙa ciki gwargwadon iko. Haka nan idan sandar da ake sassaƙa ta leƙo daga mariƙi fiye da ninki uku na kaurinta, a tokare ƙarshenta da matokarar da ke ɗaya gefen injin.

Bakin wuƙa dole ya tsaya daidai tsakiyar sandar. Idan ya yi sama, zai riƙa gogawa maimakon yanka. Idan ya yi ƙasa, zai bar ɗan tsiro a tsakiya. Mariƙi kuma iri biyu ne. Mai haƙora uku yana da sauri, domin haƙoransa tare suke rufewa, amma ba ya rasa ɗan kuskure. Mai haƙora huɗu kowanne da kansa ake juya shi. Yana cin lokaci, amma da taimakon ma'auni mai allura ana iya daidaita aiki har kuskuren ya kusa ɓacewa.

Saurin juyi

Kowane ƙarfe yana da saurin da ya dace a yanka shi. Da wuƙar ƙarfe mai jure zafi, irin wadda Frederick Taylor da Maunsel White suka nuna wa duniya a baje-kolin Paris na 1900, ƙarfe mai laushi kan bukaci kimanin mita 30 a minti. Don sanin yawan juyi a minti, a ninka wannan adadi da 318, sannan a raba da kaurin sandar a milimita. Sanda mai milimita 25 za ta bukaci juyi kimanin 380 a minti, mai milimita 100 kuwa kimanin 95 kacal. Wato gwargwadon kaurin aiki, gwargwadon rage gudu. Idan ɓarɓashin ƙarfe ya fara fitowa shuɗi da irin wannan wuƙa, gudu ya yi yawa.

Alminiyam yana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na wannan gudu, kuma ɗigon kananzir na hana shi manne wa wuƙa. Tagulla tana son wuƙa mai shafaffen sama, in ba haka ba sai ta fizge ta. Zubabben ƙarfe a bushe ake yanka shi. Yankan farko ya nutse ƙarƙashin ɓawonsa mai tauri, kuma a rufe gadon injin, domin ƙurarsa tana cin ƙarfe kamar yashi. Wuƙaƙen kabaid suna jure gudu sosai, sai dai suna saurin ɓallewa a ƙaramin injin da ba shi da nauyi. Wanda ya koyi wasa wuƙarsa a dutsen washi ya huta da jiran kayan ƙetare.

Awo na gaskiya

Maikiromita na auna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma shi ne alƙalin ɗakin aiki. Kuskuren da ya fi kama sababbin hannu shi ne mantawa cewa a injin juyi, idan wuƙa ta shiga milimita 0.5, kaurin sandar milimita 1 zai ragu, domin kowane gefe ake ci. Wasu injuna lambobinsu na nuna zurfin yanka, wasu kuma raguwar kauri. A gwada a guntun ƙarfe kafin a taɓa aikin gaske. Kada a auna ƙarfe yana da zafi, domin zai tsuke idan ya huce.

Kowane hannun juyawa yana da ɗan sako-sako tsakanin sanda da notinta. Maganinsa shi ne a riƙa isa ga lambar da ake so ta ɓangare ɗaya kullum. Idan an zarce, a koma baya sosai a sake tahowa. A injin milin wannan sako-sako na da haɗari: idan aka tura aiki ta hanyar da haƙoran wuƙa ke bi, wuƙar na iya fizgar teburin ta karye. A ƙaramin inji, a tura aiki ya fuskanci juyin wuƙar, a kuma kulle duk ɓangaren teburin da ba ya motsi.

Sayen tsohon inji

Fenti ba ya faɗin gaskiyar inji. Gadonsa ya fi cinyewa kusa da mariƙi, inda aka fi aiki. A ɗan matse makullin keken wuƙa a wurin, sannan a tura keken zuwa ɗaya ƙarshen. Idan ya cije a hanya, gadon ya ci. A sassaƙa sanda mai kauri ba tare da tokari ba, a auna ƙarshenta biyu. A tabbatar giyoyin yankan tiredi sun cika, a kuma duba ko injin na bukatar wuta mai layi uku, wadda yawancin gidaje ba su da ita. A ware kuɗi mai kauri don wuƙaƙe, mariƙai da ma'aunai, domin inji ba ya aiki shi kaɗai.

Kare rai

Injin juyi ba ya tsayawa don ya kama mutum. Safar hannu, zobe, agogo, babbar riga, gyale da duk wani tufafi mai reto ba su da wuri kusa da shi. Kada a bar makulli a jikin mariƙi ko na daƙiƙa ɗaya, domin idan aka kunna inji zai harbo shi. A sa gilashin kare ido, a janye ɓarɓashi da ƙugiya ko buroshi bayan inji ya tsaya.

Abin da ya wuce sha'awa

Ana yi wa injin juyi laƙabi da uwar injuna, domin da shi ake ƙera sassan sauran. Nijeriya ta san da haka: a 1980 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin ƙera irin waɗannan injuna a Osogbo tare da kamfanin HMT na Indiya, a daidai zamanin da ake aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda har yau ba ta kai ga cikakken aiki ba. A kasuwar Panteka ta Kaduna kuwa, maƙera na fitar da injunan niƙa da na sussuka da ƙarfen da wasu suka yar. Tazarar da ke tsakanin abin da ya yi aiki sau ɗaya da abin da za a iya ƙera dubunsa iri ɗaya, tazara ce ta awo. Duk ɗan siyasar da ya yi alkawarin farfaɗo da masana'antu, ya dace a tambaye shi: injunan juyi nawa ne ke aiki a kwalejojin fasaha na jiharsa, kuma ɗalibai nawa ne suka taɓa riƙe maikiromita?