Asalin Kiran CQ a Wurin Masu Wayar Iska na Sha'awa

Idan mai wayar iska na sha'awa yana son magana da duk wanda ya ji shi, ba da wani mutum guda ba, sai ya buga CQ sau uku, sa'an nan DE, kana ya ba da lambar tasharsa. DE kalmar Faransanci ce, ma'anarta "daga". Ita kuwa lambar, farkonta shi ke nuna ƙasa: ta Nijeriya 5N, ta Nijar 5U. A zamanin mulkin Ingila ta Nijeriya ZD2 ce.

Wahalar tana ga CQ. Galibin masu amfani da shi sun ɗauka ma'anarsa "ina nemanka", domin in an furta haruffan nan biyu da Ingilishi, watau si-kiyu, sautinsu ya yi daidai da wannan magana. Bayanin yana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Tun kafin a sami wayar iska, ma'aikatan tangaraho na Ingila suna buga CQ don jawo hankalin dukan tashoshin da ke kan waya ɗaya, kuma yatsa ke bugawa, ba baki ke furtawa ba. Da yawansu suka koma aiki a Kamfanin Marconi, suka tafi da al'adarsu. Wasu sun ce tushensa kalmar Faransanci ce mai ma'anar tsaro, wadda farkonta ke da sautin se-ku. Wannan ma daga sauti aka hango shi, saboda haka ni dai ina ɗari-ɗari da shi.

A 1904 kamfanin ya ƙara D, ya zama CQD, kiran jirgin ruwan da ya shiga haɗari. Taron Balin na 1906 ya zaɓi SOS a maimakonsa, amma ma'aikatan Marconi ba su saki nasu da wuri ba: daren da Titanic ya nutse a 1912 duka biyun aka buga. Shi SOS ɗin asalinsa ba haruffa ba ne sam. Ɗigo uku ne, ja uku, ɗigo uku, a haɗe ba tsayawa, an zaɓe shi don ba ya rikita kunne. Daga baya ne mutane suka laƙaba masa jimlolin neman ceto, kamar yadda suka yi wa CQ, har ɗalibi ya same su a littafi ya zaci su ne asali.