Shekarar da Lesta Ta Cinye Gasar Firimiya ta Ingila, 2015/2016

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ke zuwa gidan kallon ƙwallo a garuruwanmu ya san labarin kulob ɗin Leicester City, wanda ake furtawa Lesta, da yadda ya cinye gasar Firimiya ta Ingila a kakar 2015/2016. In aka tambayi mutane dalili, galibi sai su ce sa'a ce, wasu kuma su ce abin al'ajabi ne wanda hankali ba ya ɗauka. Jaridun Ingila ma tatsuniya suka riƙa kiransa. To, amma mai nazarin tarihi ba ya tsayawa a nan, domin kuwa aikinsa shi ne bin diddigin dalilai. Manufar wannan maƙala ita ce nuna wa mai karatu cewa abin da ya faru a wannan shekara yana da sababi, wato aiki ne na hankali da haƙuri ya gamu da wani lokaci da manyan kulob suka yi tuntuɓe gaba ɗaya.

Yadda Gasar Take Kafin Wannan Shekara

An kafa gasar Firimiya a 1992, lokacin da manyan kulob na Ingila suka ɓalle daga tsohuwar hukumar gasa domin su riƙa cinikin nuna wasanninsu a talabijin da kansu. Kulob 20 ne ke karawa tun daga 1995, kowanne ya buga wasa 38, gida da waje. Wanda ya ci wasa ya sami maki uku, kunnen doki maki ɗaya, sa'an nan ukun ƙarshe su faɗa rukuni na ƙasa. Daga 1992 zuwa 2015 kulob biyar kacal suka taɓa ɗaukar kofin: Manchester United sau 13, Chelsea sau huɗu, Arsenal sau uku, Manchester City sau biyu, sai Blackburn Rovers sau ɗaya a 1995. Ita ma Blackburn ɗin da dukiyar attajirinta Jack Walker ta ci. Saboda haka kowa ya sakankance cewa kofin na masu kuɗi ne, sauran kuwa 'yan rakiya ne.

Lesta tana cikin 'yan rakiyar nan. An kafa ta a 1884, kuma a tsawon shekara 130 da 'yan kai ba ta taɓa cin babbar gasar ƙasar ba, iyakarta ta zo ta biyu a 1929. A 2002 bashi ya kusa rushe ta, a 2008 kuma ta gangara rukuni na uku. Wani attajiri ɗan ƙasar Tailan, Vichai Srivaddhanaprabha, mai kamfanin King Power, ya saye ta a 2010, ta dawo Firimiya a 2014. Da dawowarta sai ta maƙale a ƙarshen tebur wata da watanni, har kowa ya fid da rai da ita. Sai a watan Afrilu na 2015 ta farfaɗo, ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe, ta tsira a matsayi na 14.

Duk da haka aka sallami kocinta Nigel Pearson, aka ɗauko Claudio Ranieri ɗan Italiya a watan Yuli. Shi wannan dattijo ya taɓa riƙe Chelsea daga 2000 zuwa 2004, ya kuma riƙe manyan kulob a Italiya da Sifen da Faransa, amma bai taɓa cin babbar gasar wata ƙasa ba. Daɗin daɗawa, a Nuwamban 2014 aka kore shi daga koyar da 'yan wasan ƙasar Girka, bayan 'yan tsibiran Faro sun bi su har gida sun doke su. Kamfanonin caca na Ingila suka yanke cewa wanda ya sa fam ɗaya a kan Lesta za ta ci kofi, fam 5,000 zai kwasa. Wannan ya isa ya nuna irin kallon da ake yi mata.

Yadda Kakar Ta Gudana

Lesta ta soma da ci da yawa, ana kuma cin ta da yawa. A wasa tara na farko ƙwallo 17 aka zura mata, ciki har da biyar da Arsenal ta ɗura mata a gidanta a watan Satumba, aka tashi 5-2. Wannan kashi ya yi mata amfani, domin bayansa ne Ranieri ya sake 'yan baya na gefe, ya sa Danny Simpson da Christian Fuchs, waɗanda ba su cika barin wurinsu su tafi kai hari ba. Ya kuma yi wa yaransa alkawarin zai saya musu fiza, wani abincin Italiya, ranar da suka tashi wasa ba a ci su ba. Sai a wasa na goma suka cika sharaɗin, da suka ci Crystal Palace 1-0.

A gaba kuwa Jamie Vardy ya yi wasa 11 a jere yana ci a kowanne. Ranar 28 ga Nuwamba, a karawarsu da Manchester United, ya shafe tarihin wasa goma da Ruud van Nistelrooy ya kafa a 2003. Ranar 14 ga Disamba Lesta ta ci Chelsea mai riƙe da kofi 2-1, kwana uku bayan nan aka kori kocin Chelsea, Jose Mourinho. Kulob ɗin da ya yi Kirsimetin 2014 a ƙarshen tebur sai ga shi ya yi na 2015 a sama. Amma da 'yan jarida suka dami Ranieri da zancen kofi, sai ya riƙa cewa shi maki 40 yake nema, wato abin da zai hana su faɗuwa. Dabara ce ta sauke wa yara nauyi daga ka.

Mutane suka ce a bari sanyin Janairu da Fabrairu ya zo, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sanyin ya zo, Lesta ta je gidan Tottenham ta ci 1-0, ta ci Liverpool 2-0, kana ranar 6 ga Fabrairu ta je gidan Manchester City ta ci 3-1, Robert Huth ya ci biyu, Riyad Mahrez ya ci ɗaya. Mako guda bayan nan Arsenal ta sake cin ta 2-1 a daƙiƙar ƙarshe, aka ce to, yanzu kam ta karye. Ashe wannan shi ne kashi na uku kuma na ƙarshe da za ta sha a kakar. Cikin wasa shida da suka biyo baya, biyar da ci ɗaya mai ban haushi ta cinye su: Norwich, Watford, Newcastle, Crystal Palace da Southampton. A nan ne gyaran da aka yi wa baya ya fito fili. A rabin farko na kakar ƙwallo 25 aka ci ta, a rabi na biyu kuwa 11 kacal.

Tottenham ce kaɗai ta rage tana bin ta. Ranar 2 ga Mayu 2016 Tottenham ta je gidan Chelsea, tilas ta ci in tana son ta ci gaba da sa rai. Ta fara cin biyu, amma Chelsea ta rama, Eden Hazard ya ci ta biyun, aka tashi 2-2. Da haka Lesta ta zama zakara, alhali 'yan wasanta suna zaune a gidan Vardy suna kallo a talabijin. Ranar 7 ga Mayu kyaftin ɗinta Wes Morgan ya ɗaga kofin bayan sun ci Everton 3-1. Ta gama da maki 81: ta ci 23, ta yi kunnen doki 12, an ci ta uku. Arsenal ta bi ta da maki 71, Tottenham 70.

Dalilan Nasara

Dalili na farko shi ne iya cefane. Lesta tana da wani mai farautar 'yan wasa, Steve Walsh, wanda shi da mutanensa suke duba inda manya ba sa dubawa. Vardy yana da shekara 16 Sheffield Wednesday ta sallame shi, ya koma aikin masana'anta yana buga wa ƙaramin kulob wasa a kan fam 30 a mako. Sai da ya kai shekara 25 Lesta ta saye shi daga Fleetwood a kan fam miliyan ɗaya, a wannan kaka kuwa ƙwallo 24 ya ci. Mahrez, mai buga wa Aljeriya, daga rukuni na biyu na Faransa aka ɗauko shi a 2014 a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba. Ya ci 17, 'yan'uwansa 'yan wasa suka zaɓe shi gwarzon shekara, shi ne ɗan Afirka na farko da ya sami wannan lamba. N'Golo Kante, haifaffen Faris wanda iyayensa 'yan Mali ne, daga Caen aka saye shi a kan fam miliyan 5.6, kuma babu wanda ya kai shi ƙwace ƙwallo a gasar. In aka haɗa kuɗin mutum 11 da suka saba fara wasa, bai kai abin da Manchester City ta biya a kan Kevin De Bruyne shi kaɗai a wannan shekara ba, wato kimanin fam miliyan 55.

Dalili na biyu shi ne sanin gwargwadon kai. Ranieri bai ce yaransa su yi gasar riƙe ƙwallo da waɗanda suka fi su gwaninta ba. Sai su bar wa abokin karawa ƙwallo, su ja baya su toshe hanya, Kante da Danny Drinkwater su ƙwace a tsakiya, a cilla wa Vardy mai gudu kafin 'yan bayan wancan gefe su koma wurinsu. Bugu da ƙari, mutumin da a Chelsea ake yi masa ba'a saboda yawan canza 'yan wasa, a Lesta kusan mutum 11 ɗin nan yake sawa kowane mako, har suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Abin da ya sauƙaƙa masa haka shi ne ba sa buga gasar Turai, an kuma fitar da su da wuri daga ƙananan kofuna biyu na gida, saboda haka galibi wasa ɗaya suke yi a mako, gajiya da rauni suka yi musu sauƙi.

Dalili na uku ba a hannunsu yake ba, wato halin da manya suka shiga. Chelsea ta rikice ta ƙare a ta goma. Manchester United ba ta dawo hayyacinta ba tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013. Liverpool ta canza koci a tsakiyar kaka, Jurgen Klopp ya zo a Oktoba, ta ƙare a ta takwas. Manchester City kuwa tun 1 ga Fabrairu ta sanar cewa Pep Guardiola zai gaji Manuel Pellegrini, daga nan wasanta ya ja baya. Maki 81 ba zai isa cin kofi a shekarun da suka biyo ba, domin Chelsea 93 ta samu a 2017, Manchester City kuwa 100 cif a 2018. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Amma mai karatu ya lura, wannan dama ta buɗe wa kulob 15 da ba sa cikin manyan nan, ciki har da Tottenham da Everton da suka fi Lesta ƙarfi, amma ita kaɗai ta yi shirin da zai ba ta damar amfana.

Akwai kuma wani abu da masu cewa tatsuniya ce suke tsallakewa. Lesta ba matalauciya ba ce. Mai ita biloniya ne, wanda a 2013 ya mayar da bashin sama da fam miliyan 100 da yake bin kulob ɗin ya zama hannun jari. Ban da haka, a lokacin ana raba babban kaso na kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin kulob 20, shi ya sa ƙaramin kulob na Ingila yake iya sayen gwanaye daga Faransa da Jamus ya kuma biya su albashi a kan kari.

Abin da Ya Biyo Baya

Manya ba su yi jinkiri ba. Wata biyu da ɗaga kofi Chelsea ta sayi Kante, ta kuma ci kofin shekara mai bi da shi. Walsh ya koma Everton. Lesta ta kashe kuɗi ta sayo sababbi, ciki har da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, daga CSKA ta Mosko, sa'an nan Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka biyo a 2017. Ta kai zagayen kulob takwas na ƙarshe a gasar Zakarun Turai, amma a gida ta yi ta tangal-tangal, har aka sallami Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara bayan ya ba su kofi. Mahrez ya tafi Manchester City a 2018, a Oktoban shekarar kuma Vichai ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a bakin filin wasan kulob ɗin. Lesta ta ci Kofin FA a 2021, ta faɗi daga Firimiya a 2023, ta dawo a 2024, ta sake faɗuwa a 2025. Daga 2017 zuwa 2025 Chelsea da Manchester City da Liverpool ne kaɗai suka ɗauki kofin.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kakar 2015/2016 ba ta rushe mulkin kuɗi a ƙwallon Ingila ba, sai dai ta nuna cewa kuɗi ma yakan yi gyangyaɗi, kuma wanda ya yi shiri shi ke cin moriyar ranar. In muka ce sa'a ce kurum, mun tauye haƙƙin waɗanda suka yi shekaru suna tattara mutanen da wasu suka yar, mun kuma hana kanmu darasi. Masu riƙe da kulob a ƙasarmu, inda akan sauya koci da 'yan wasa kusan kowace kaka, kana albashi ya yi ta jinkiri, ya kamata su dubi abin da Lesta ta yi kafin kofi ya zo: ido mai gane gwani tun yana araha, biyan haƙƙi a kan lokaci, da barin mutane su daɗe tare har su san juna. Allah Ya sa mu dace.