Tarihin Nasabar Almasihu a Littafi Mai Tsarki

Nasabar Almasihu ita ce jerin sunayen kakanni da ke sura ta 1 ta Bisharar Matiyu da sura ta 3 ta Bisharar Luka, wadda Kirista suke kafa hujja da ita cewa alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim da Dawuda bai faɗi ƙasa banza ba. Mutumin ƙasar Daura, tun daga Kusugu har Kongolam a bakin iyaka, wanda ya tashi yana jin ana jero sarakuna daga Bawo ɗan Bayajidda, ba ya bukatar a koya masa darajar salsala. Abin da ke neman bayani shi ne saɓanin ruwayoyin biyu.

Matiyu ya faro daga Ibrahim, ya bi ta kan Sulemanu, ya kasa zuriyar gida uku, kowane gida tsara 14, har ya tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, waɗanda littafin Tarihi ya ambata. Luka kuwa ya taso daga Yesu ya koma baya har Adamu, ya bi ta kan Natan ɗan Dawuda. Inda Matiyu ya ce Yakubu ne mahaifin Yusufu mijin Maryamu, Luka ya ce Heli.

Ta'awilin da ya fi daɗewa shi ne na Yuliyus Afirkanus, malamin ƙarni na 3, cikin wasiƙarsa ga Aristides, wadda Yusibiyus na Kaisariya ya adana a littafinsa na tarihin Ikilisiya. A faɗarsa, Yakubu da Heli uwarsu ɗaya uba daban, na farko daga gidan Sulemanu, na biyu daga gidan Natan. Da Heli ya rasu bai bar baya ba, sai Yakubu ya auri matarsa bisa hukuncin Attaura, wanda ya wajabta wa ɗan'uwa ya tayar wa mamaci zuriya, saboda haka Yusufu ya zama ɗan Yakubu ta jini, ɗan Heli ta shari'a. Afirkanus ya jingina labarin ga dangin Yesu, amma ya yi adalci, ya yarda cewa ba shi da shaidar da za ta yanke gardama. Na baya sun ce Luka nasabar Maryamu ya kawo, sai dai nassin bai ambace ta a jerin ba.

A ganina, inda ruwayoyin suka haɗu ya fi inda suka rabu nauyi, domin bayan rushewar Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da gadon sarauta ya faɗi aka kwashe jama'a zuwa bauta a Babila, dukansu biyu sun ambaci Sheyaltiyel da Zarubabel, wato zuriyar ba ta yanke ba. Nan ne masu bi suke ganin amincin Allah, haka kuma a shigar Rahab ta Yariko da Rut ta Mowab, baƙi biyu, cikin jerin Matiyu.

Wannan jeri ya shigo Hausa da fassarar Matiyu ta J. F. Schön a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki, wanda Likita Miller na Zariya ya yi wa hidima mai yawa, ya fito a 1932.