Anon

Anon tsohuwar kalma ce ta Ingilishi, daga rukunin bayanau, mai nufin "an jima kaɗan". Ta samo asali daga kalmomi biyu na Tsohon Ingilishi, on da an, wato "cikin ɗaya", kuma da fari ma'anarta "nan take". Da yake ɗan Adam kan ce yanzu-yanzu sannan ya yi nawa, sai ma'anar ta yi ta ja da baya.

Shakespeare ya yi barkwanci da ita a kashi na ɗaya na wasan Henry IV, wanda aka buga a 1598: Francis, yaron mashaya, yana ta amsa kira da ita, amma ya kasa zuwa.

A Ingila yau galibi cikin raha ake faɗinta. Ba ta da dangantaka da "anon." da ake rubutawa idan ba a san marubuci ba.